Biskit Ɗari Zuwa Sunke

Anka,
Talata, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Yayata Asma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina tafiya gona a ƙasa, gonar ba guduwa za ta yi ba. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Yaya, dubi inda duniya ta mayar da mu. Tun da aka kashe sabis wayata ta koma tocila, ni kuma na koma rubuta wasiƙa kamar 'yar firamare. Rabe direba ya ce zai riƙa kai miki duk ranar da ya yi lodin Gummi. Ki gyara zama, don cikina cike yake.

Na samu aiki, irin wanda kika ce zai zo in na yi haƙuri: biskit ɗari mai kwalliya. Mai aikin wata mata ce a ƙauyen Sunke, sunanta Hure, ban taɓa ganinta ba. Ƙanin mijinta ta aiko, wani ɗan kabu-kabu mai furfura ana ce masa Lauwali. Mutumin nan ko ƙarfe nawa kika tambaye shi sai ya yi nazari ko ya dace ya gaya miki. Abin da na iya tatsa daga bakinsa shi ne, 'yar matar, Zulai, ta kusa cika izu ɗaya a makarantar allo, malam ya sa sadaka ranar Laraba shida ga watan gobe, kuma biskit mai koren tauraro ake so. Na ce izu sittin dai? Ya ce ɗaya. Yarinya mai shekara goma sha huɗu! Mu da muka cika izu ɗaya ko waina Inna ba ta toya mana ba, sai ma rankwashi da na sha don na fasa tawada. Amma ina ruwana. Ya ce a fara kai goma ta gani.

Na zage na yi aiki, Yaya. Na yanka su da siffar allo, har da ɗan kansa. Na gasa a tukunyar yashi kamar yadda kika koya mini, ko ɗaya bai ƙone ba. Na shafe su da farin kwaɓin sukari, na zana koren tauraro a tsakiya da 'yar ledar nan ta masu lalle, na bi gefe da zayyana. Saboda damina kwana biyu suka yi kafin su bushe, ina tsaye a kansu ina korar ƙuda da maigidana Mu'awiya. Na samu kwalin taliya mai kyau, na shimfiɗa farar takarda, na jera su, na rufe, Lauwali ya ɗaure a bayan babur da robarsa.

Washegari sai ga shi da kwalina. Goma na aika, goma suka dawo, ko lasa ba a yi ba. A gefe kuma ga ƙwan zabi goma a ƙwarya, wai in yi haƙuri. Na tambaye shi laifinsu, ya dubi ƙasa ya ce wai da ƙura.

Ƙura! A tsakiyar damina, da ko akuya ta fita sai ta dawo da taɓo har gwiwa. Na buɗe kwalin a gabansa, na goga yatsa a takardar na nuna masa, fes. Ya ce shi dai abin da aka ce ya faɗa ke nan. Da ba don ƙwan zabin nan ba da na gaya masa maganar da zai kai mata, amma ta yaya za ka zagi wanda ya haɗa maka da kyauta?

Mu'awiya ya dawo daga makarantar da yake koyarwa ya cinye shida a zaune, yana cewa Allah ya ƙara mana masu maido kaya. Kwalin kuwa 'yata Basma ta mayar da shi mota. A ciki take wuni, tana gwaguyar gefensa saboda haƙoran da take fitarwa, ni ma na samu sararin aiki.

Don Allah ki rubuto mini yadda kike shirya naki in za a kai nesa. Saura mako uku, kuma na riga na amsa. Ba na so a ce aikina na farko mai yawa ya ƙare a cikin Mu'awiya.

Ki gaishe da Inna da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Naja'atu

*

Anka,
Talata, 21 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Asma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da kika ce Inna ta samu sauƙi. Dariyar da kika yi mini kuwa na ji ta har cikin takarda, Allah ya kai mu ranar da zan rama.

Na bi shawararki. Na bar kwali, na ɗauko bokitin roba mai murfi, irin na fenti, wanda na tarar a gidan nan tun da muka tare. Na wanke shi da omo sau uku, na shanya, na shinshina, na sake wankewa. Na toya wasu goma. Wannan karon kwana uku suka yi ba su bushe ba, don an wuni ana ruwa, sai da na jera su a faranti kusa da garwashi ina yi musu fifita kamar masu jego. Na sa tawul a ƙasan bokitin, na jera, na danne murfi har sai da ya yi ƙara.

Yaya, sun dawo.

Uku daga ciki kawunansu sun karye, kin san hanyar. Da a ce wannan ta kama da na karɓi laifina, na ce allo mai wuya ba na babur ba ne. Amma ko kallon karayar ba ta yi ba. Wai tambaya take yi, me aka taɓa zubawa a bokitin kafin ya zo hannuna, kuma a wane gida ya zauna. Kin ji fa! Bokiti ma sai an binciki asalinsa kamar mai neman aure. Na ce wa Lauwali ya gaya mata uban bokitin ɗan Gusau ne, uwarsa kuma ban sani ba. Ko murmushi bai yi ba. Ya miƙo mini ƙullin kuɓewa ɗanya da wasu ƙwan zabin, ya ce wai a sa kowane ɗaya a ledarsa, a like.

Abin da ke ƙona mini rai, ba ni da hanyar jin matar nan da kunnena. Da akwai sabis, minti biyu sun isa in ji abin da take so. Yanzu magana sai ta bi ta bakin Lauwali, shi kuwa in aka ba shi magana mudu guda, da kyar yake isowa da cokali. Na zaunar da shi, na ba shi kunu, na lallaɓa shi ya faɗa mini ko dai matar tana da wata lalura ce. Ya shanye kununa tas ya ce lafiyarta ƙalau, sannan ya ce zai wuce kada shida ta yi masa a hanya, tunda an hana babur fita bayan shida.

Maƙwabciyata ta fara yi mini kirari da mai biskit ɗin yawon buɗe ido. Mu'awiya kuwa wandonsa na zuwa makaranta ya fara matse shi. Ya ce in bar ta ta yi ta maidowa, shi bai ga aibun matar ba. Na ce ai dama ba za ka gani ba.

Jiya na aiki Rabe ya sayo mini farar leda ƙanana, irin ta masu ƙullin gyaɗa. Na yanka farin kwali sabo daga wanda Mu'awiya ke zanen darasi da shi, na sa wa kowane allo a bayansa don kada wuyan ya karye. Na kunna kyandir na bi bakin ledar ina likewa ɗaya bayan ɗaya. Yatsuna biyu sun tashi, amma sun yi kyau, kamar na kanti. Na sayi sabon bokiti dal, da takardarsa a jiki, don in ta nemi asalinsa ta karanta da kanta. Gobe zai kai. In ta sake samun abin faɗa, to sai dai ta ce tauraron bai yi haske ba.

Basma tana gaishe ki, ko in ce tana gaida duk wanda ya leƙa motarta. Ta cinye kusan rabin ƙofar.

Ki gaida Inna, ki ce ƙwan zabi ya yi mini yawa, zan aiko mata.

Taki,
Naja'atu

*

Anka,
Talata, 28 ga Satumba, 2021

Yaya Asma,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, haushi ne ya cika ni.

Sun dawo, kuma wannan karon a jiƙe. Na buɗe bokiti na tarar da bakwai daga cikin goma sun koma kunu a cikin ledarsu. Koren ya bi farin, taurarin sun narke, kwalin bayan ya yi laushi kamar tuwon jiya. Nan take na hau Lauwali da faɗa, na ce ya faɗa rafi da kayana shi ne zai zo yana sunkuyar da kai. Ya rantse da Allah bai faɗi ba. Na ce to ruwan sama ne? Ya ce a'a. Sai da na yi kamar zan yi kuka sannan ya ce, da irin maganarsu, ita taw wanke su.

Yaya, ki sake karantawa. Wanke su ta yi. Ta ɗebo ruwa a kwano, ta sa sabulu, ta tsoma biskit ɗina ɗaya bayan ɗaya ta cuɗa kamar wankin hula. Ukun da ruwa bai shiga ba ta riƙe, ba ta ba kowa ba, wai ta ajiye. Bakwai ta maido mini, da kaza. Kaza mai rai, Yaya, tana nan ɗaure a gindin zogale tana kallona.

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an wanke biskit ba. Na ce wa Mu'awiya na gama, a mayar mata da kazarta da abin da ta bayar, ta nemi mai toya mata na ƙarfe. Shi da ba ya magana sai ta ci, ya ce ruwa ba ya tsami banza, matar da ke haɗa kaza da ƙorafi ba neman faɗa take ba. Na ce wannan karon dai ba ka samu na ci ba, shi ya sa hankali ya zo maka.

Na so in bari, wallahi. Abu biyu suka hana ni. Na farko, da Lauwali zai tafi ya tsaya a zaure ya ce wai ta ce in taimaka, alkawari ta yi wa yarinya. Na biyu kuwa zuciya ce irin ta gidanmu. Uku sun tsira daga wankinta, ke nan ana iyawa. Tunda wanki take so, zan yi mata biskit ɗin da ko a gulbin Gummi ta jefa shi zai fito a bushe, in ga kuma abin da za ta ce.

Na duba bakwai ɗin da kyau. Duk a kusurwa ruwan ya shiga, inda wutar kyandir ta tsallake ko ta huda. Na tuna kin taɓa cewa masu ƙullin madara suna naɗe bakin leda a kan haƙoran zarto sannan su bi da wuta, layin ya fita sambal. Ki aiko mini da zarton, da leda mai kauri irin taki guda ɗari uku, don sau biyu zan like kowane. Nan Anka an hana cin kasuwa, ban san inda zan samu ba. Ki ba Rabe gobe-goben nan. Saura kwana takwas, kuma a wannan ruwan sai na ba su kwana uku su bushe.

Kuma na yanke shawara, ni zan kai da kaina. Na san za ki ce hanya ba kyau, Mu'awiya ma ya faɗa, amma da safe za mu tafi mu dawo kafin la'asar. Ina so in ga matar nan da idona, in tsaya a kanta ta wanke a gabana. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki da ta gaji,
Naja'atu

*

Anka,
Alhamis, 7 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Yayata Asma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Na je na dawo lafiya, ki kwantar da hankalinki. Zarto da leda sun iso a kan lokaci, Allah ya saka da alheri.

Kwana huɗu na yi ina abu ɗaya. In sa allo a kan kwalinsa, in zura a leda, in matse iska, in naɗe a zarto, in bi da wuta, in sake zurawa a leda ta biyu. Sannan in tsoma a baho in danna, in zuba ido ko zan ga kumfa. Wanda ya yi kumfa in farke in sake. Ni da na koyi toya biskit na koma mai yi masa wanka. Ina yi ina tsara maganganun da zan gaya wa Hure, har da karin magana biyu na tanada.

Jiya da safe na bar Basma wurin maƙwabciya, na hau bayan Lauwali da bokiti a cinyata. Da zan hau na ga wani tsohon buhu a shimfiɗe a kan kujerar, ya yi fari-fari da gari, robar ɗaurin kaya ma haka. Lauwali ya yi sauri ya naɗe buhun ya cusa a ƙarƙashi. Ban kawo komai a raina ba.

Hure a ƙofar gida ta tare mu. 'Yar siririya ce, ba ta fi ki shekaru ba, da fara'a kamar ta san ni. Ga kwano biyu na ruwa da sabulu ta ajiye a waje. Ta gaishe ni, ta roƙe ni in bar takalmina a nan in wanke hannu da ƙafa. Lauwali ko zaure bai shiga ba, ya ja babur ɗinsa can gindin bishiyar bedi. Tsakar gidan siminti ne, an goge shi har yana ƙyalli, ban ga turmi ko ɗaya a ƙasa ba.

Kafin in buɗe baki ta tambaye ni ko Lauwali ya gaya mini tun farko cewa za ta wanke. Na ce ina fa. Ta dubi inda yake. Ashe tun ranar farko ta ce masa ya faɗa mini in like su yadda za su jure ruwa, saboda babur ɗinsa yana ɗaukar wa masu haƙar zinariya buhunan dutse, kuma duk abin da ya hau kujerar nan ba ya shiga gidanta sai an wanke. Shi kuwa kunya ta hana shi faɗa, don in ya faɗa ya tona kansa. Sai ya riƙa gutsuro mini maganar.

Kin tuna shekarar da muke ji a rediyo yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen zinariya? Ina aji shida lokacin. Ni na ɗauka abu ne da ya wuce, kamar labarin yunwa da Inna ke ba mu. Hure ta ba ni nata tana wanke biskit, ba ta ko ɗago kai ba. Mijinta yana kawo dutse gida, ita take daka masa a turmin da take daka hatsi, yara suna wasa a wurin. 'Ya'yanta Isa da Kulu a mako ɗaya suka tafi. Zulai tana da shekara uku, ta yi ta suma, likitoci suka ceto ta, amma maganarta da karatunta suka yi nauyi. Shekara bakwai ta yi a kan izun nan. Lauwali ma ya binne ɗa a shekarar, sai dai ciki ba ya jira, in ji ta, kuma ba ta ƙi shi ba, kayansa kawai take wankewa.

Bara da ta kai Zulai awo asibitin Anka, wata ma'aikaciya ta miƙa wa yarinyar biskit mai koren tauraro, ragowar na sunan ɗanta. Nawa ne, Yaya, na tuna aikin. A buɗe yake, ya bi hannu da yawa, sai Hure ta karɓe ta jefar. Yarinyar da ba ta taɓa roƙon komai ba ta yi wata tana cewa tauraro. Shi ne ta yi mata alkawari, ranar da ta cika izu.

Karin maganata biyu suna nan a cikina, ban samu inda zan ajiye su ba. Na tsuguna na karɓi ɗauraya. Tana cuɗawa da sabulu, ina ɗaurayewa, muna jerawa a kan sabon zane. Kowane ta ɗaga shi a rana ta juya, ni kuwa gabana yana faɗuwa kamar ranar jarrabawa. Ɗari cif, ko ɗaya bai sha ruwa ba. Ta ce sannu, na ji kamar an ba ni kujerar Makka.

Zulai doguwa ce, kyakkyawa, ta sha lalle. Ta biya karatunta a gaban malam a hankali, tana tsayawa tana kamawa, ba wanda ya gaggauta ta. Da aka shafa fatiha uwar ta yanke ledar da kanta ta miƙa mata. Yarinyar ta daɗe tana kallon tauraron. Ta ci gefe-gefe ta zagaye shi, sai a ƙarshe ta sa shi a baki. Na juya ina gyaran bokitin da ba abin da ya same shi.

Muna hanyar dawowa, ina kallon robar nan a gabana, sai kwalin taliya ya faɗo mini a rai. Wanda Hure ta ce da ƙura. Sau biyu ya hau kujerar nan, da robar nan aka ɗaure shi, kuma mako uku ke nan Basma tana zaune a ciki tana cin gefensa.

Ban san yadda na sauka daga babur ɗin ba. Na ƙone kwalin, na wanke ɗaki da tsakar gida sau biyu, na yi wa Basma wanka har ta yi kuka, ni ma na taya ta. Gobe da sassafe za mu kai ta a duba jininta. Ki yi mana addu'a, Yaya. Ni da na yi ta yi wa matar nan dariya a takarda.

Ƙanwarki,
Naja'atu

*

Anka,
Talata, 12 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ki yi hamdala. An duba Basma, sun ce abin da suka gani kaɗan ne, bai kai na shan magani ba, amma mu kiyaye, mu koma bayan wata uku. Kwana huɗun da na yi kafin in ji wannan magana, ba na fatan ko maƙiyina ya yi su. Na gode da addu'a, na gode da ba ki gaya wa Inna ba, ko da yake daga gaisuwar da ta aiko na san kin gaya mata.

Lauwali ya zo shekaranjiya ya tsaya a waje, ya ƙi shigowa. Ya tambayi jikin yarinya, na gaya masa. Sai ya nuna mini sabuwar roba da ya saya, da leda da ya rufe kujerar da ita, wai ta kayan abinci daban ta dutse daban. Na so in yi masa faɗan mako uku da ya jawo mini, sai na ga idonsa, na kawo masa ruwa da sabulu kawai. Ya kawo saƙon Zulai kuma, wannan karon cikakke: ta shiga izu na biyu, tana tambaya ko ana yin wata a biskit. Na ce a gaya mata ana yi, kuma ko shekara nawa za ta ɗauka aikin nawa ne. Don haka kada ki nemi zartonki.

Mu'awiya yanzu a zaure yake barin takalmi, yana gunaguni wai an mayar da gidansa masallaci. Wandon ya fara sakinsa. Kazar ta fara ƙwai.

Saura magana ɗaya, kuma kada ki ji haushi. Alawar madarar da kika aiko wa Basma ta iso, na ga kin sha wahala, har da yanka ta kamar ƙwaryar goro. Amma a takarda kika naɗe ta, Yaya, kuma Rabe a bayan mota ya jefa ta, cikin buhunan mutane da ba wanda ya san daga inda suka fito. Ga ta nan na maido miki, ko lasa ba a yi ba. Na haɗa miki da ledarki ashirin da ta rage, ki like sau biyu yadda za ta jure ruwa. Ƙwan zabi goman da ke cikin ƙwaryar naki ne, ki yi haƙuri.

Da ƙura.

Ki gaishe da Inna, da maigidan, da yara duka.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Naja'atu